Taswirorin 'Yan Aji Biyu

Ranar wata Litinin cikin damunar 1957 aka kawo wa Sufeto Maikano rahoton sata daga makarantar sakandaren kwana da ke gefen Tudun Wada. Ya hau keke ya sha taɓo har gwiwa, yana zaton rumbun hatsin makaranta aka fasa. Da ya isa sai aka ce masa littattafan aikin gida ne, guda talatin, na 'yan aji biyu. Ransa ya ɓaci, bai kuwa ɓoye ba.

"Don takardun yara kuka taso ni?"

"Ranka ya daɗe, ai mun ma san ɓarawon," in ji hedimasta. "Hamidu ne, ɗan Fulanin Burumburum. Ranar Alhamis zan kore shi."

Sufeto ya duba akwatin da aka ajiye littattafan. Kwado lafiya lau, mabuɗi kuwa ga shi rataye a ƙusa bakin ofis, inda ko akuya ta ga dama za ta ɗauka. Agogon tebur na nan, ba a taɓa ba.

Ya sa aka kira Malam Ɗanjuma, mai koyar da labarin ƙasa.

"Wane aiki ka ba su?"

"Na hutu ne. Na ce kowa ya zana taswirar garinsu, da gonakinsu, da inda suke ɗiban ruwa. Na ce wadda ta fi kyau za a aika Kano, manya su gani."

"Me ya sa kuka kama sunan Hamidu?"

"Shi kaɗai bai kawo nasa ba. Ya hango bulala, ya kwashe na kowa."

Aka shigo da Hamidu. Da fari ya rantse ya kawo aikinsa. Sufeto ya zuba masa ido kawai, sai gaskiya ta fito.

"Maraƙi ne ya tauna littafin a ruga, Yallaɓai. Kunyar faɗa na ji. Amma wallahi ban ɗauki na kowa ba. Baffana ya ce ranar da aka kira ni ɓarawo, ranar na gama boko."

Sufeto ya ja hedimasta gefe. "Kada ka taɓa yaron nan sai na dawo."

Kwana biyu ya yi yana tambaya, kowa na yi masa kwana-kwana. Mai gadi ya ce ranar Juma'ar da littattafan suka ɓace iyaye da yawa sun zo duba 'ya'yansu, shi kuma ya tafi masallaci, bai riƙe fuskar kowa ba. Sufeto ya ji kamar ya shaƙe shi.

Ranar Laraba yunwa ta kai shi kasuwa, ya sayi ƙuli-ƙuli. Yana warware ƙunshin ya tsaya cak. Takarda ce mai layi-layi, gefenta a ƙone, an zana rijiya da bishiyar kuka da fensir.

"Inna, ina kika samo wannan?"

"A ƙunshe nake sarowa, wajen Hajara matar Gwadabe, malamin dajin Falgore."

Ya koma makaranta ya duba rajista. Akwai Ɗanliti Gwadabe a aji biyu. Ya sa aka kira yaron, ya miƙa masa fensir da takarda.

"An ce ka fi kowa iya zane. Maimaita mini abin da ka yi a hutu."

Ɗanliti ya duƙufa cike da murna. Ya zana gidansu, ya zana rafi, ya jera duwatsun iyakar gandun daji. Can bayan duwatsun, cikin dajin da aka hana noma, ya zana fili mai faɗi ya rubuta: Gonar Baba.

"Babanka ya san da wannan?"

"Ranar Juma'a da ya zo na gaya masa. Na ce wataƙila tawa za a kai Kano."

Sufeto ya ninke takardar, tausayin yaron ya kama shi.

Ranar Alhamis ya shiga babbar mota da ɗan sanda guda. Sau uku tana kafewa a hanya, sai la'asar suka isa Falgore.

Gwadabe ya tarbe su da fura. "Makaranta? Rabona da ita tun bara, Yallaɓai."

"Ɗanka ya ce ka je Juma'a."

"Yaro ne, ya rikita kwanaki."

Sufeto ya ɗaga murya a bakin zaure. "Hajara, Allah ya ba ki haƙuri, ina sauran takardun ƙunshi?"

"Suna nan cikin kwando," ta amsa daga ciki. "Maigida na gani yana ƙona su, na ce wannan ai asara ce, na tsamo na tsamowa."

Gwadabe ya zauna daɓas. Sufeto ya shimfiɗa masa zanen ɗansa.

"Ni aka ba tsaron dajin nan," in ji Gwadabe a hankali. "In aka ga gonar nan a Kano, aikina ya tafi. Littafin Ɗanliti kaɗai na je ɗauka, amma ban san wanne ba ne a gurguje, ga mutane na dawowa daga masallaci. Sai na juye duka a buhu."

Da safiyar Juma'a suka iso makaranta, Gwadabe cikin ankwa. Sufeto ya tambayi Malam Ɗanjuma yaushe ya yi niyyar aika taswirar Kano.

Malam ya sosa ƙeya. "Ai faɗa kawai na yi don su dage. Aji huɗu gare ni, ranka ya daɗe. Ba na ma buɗe littattafan, ina duba wanda bai kawo ba ne kurum."

Gwadabe ya dube shi, baki buɗe. Ɗan sanda ya ja shi zuwa caji ofis.

"A kira mini Hamidu," in ji Sufeto. "A gaban ajinsu za a wanke shi."

Hedimasta ya kau da kai. "Alhamis na ce, ranka ya daɗe, ba ka kuwa dawo ba. Jiya baffansa ya zo ya ɗauki akwatinsa."

Sufeto bai tsaya zagi ba, ya hau keke ya miƙi hanyar Burumburum, yana ta shirya kalmomin ban haƙuri. Da ya isa rugar, ba saniya ko ɗaya, sai turaku da toka mai sanyi.