Gashin da ke Aljihun Abdulghani

"Gashin wace ce wannan?"

Mastura ta warware hankicin a kan tabarma. Gashi ne baƙi wuluk, dogo, an naɗe shi da kulawa, yana ƙamshi kamar lubban. A aljihun mijinta ta tsince shi tana haɗa kayan wanki.

Abdulghani ya dubi gashin, ya sunkuyar da kai. Ya ce ta yi haƙuri, ba abin da take zato ba ne. Ta ce to mene ne?  Sai ya ɗauke hankicin a hankali ya mayar aljihu, kamar mai tsoron kada ya ji ciwo. Wannan lallaɓawar ce ta fi ƙona mata rai.

Ko shekara ba su yi da aure ba. Direba ne a wani kamfanin Turawa da ke Abhur, can gefen Jidda, kuma tun bayan babbar salla ya tsiro da fita duk Juma'a, wai aiki. Wane kamfani ke aiki ran Juma'a a Jidda? Idan ya dawo sai ta ji yana 'yar waƙa a maƙogwaro, tana shigowa ya yi tsit.

Juma'ar da ta biyo, ta roƙi yayanta Saleh mai tasi su bi bayansa. Da farko ya yi mata faɗa, wai littattafan Masar da take karantawa ne suka cika mata kai. Da ya ga hawayenta sai ya ɗauki mukulli ya ce yalla, su tafi.

Rana ba ta faɗi ba suka isa wani gida a bakin teku. Mai gadi ya ce taron kiɗa ne na ma'aikatan kamfanoni, irin wanda baƙaƙen Amurka ke kira bulus. Akwai Turawa, da matuƙan jirgi, da 'yan Sudan. Mastura ta ja mayafi tana bin matan da ido ɗaya bayan ɗaya. Can ta hango wata mai dogon gashi tana miƙa wa mijinta shayi. Ita ce... lallai ita ce.

Amma ko kallon matar bai yi ba. Ya zauna, ya ciro wata ƙwarya mai rufin fata daga buhu, ya warware hankicin. Ya ɗaura gashin nan a jikin wani lanƙwasasshen itace, ya goga masa ƙaro.

Saleh ya toshe baki. "Ke Mastura, izgar doki ce fa. Wutsiyar doki kike ta yi wa kuka?"

A Hindawiyya, unguwar Hausawan Jidda, aka haife ta, ba ta taɓa ganin goge ba, sunansa kawai ta sani. Kuma ta san inda ta ji sunan. Ranar neman aurenta, da Baba ya ji ɗan mai goge ne daga Sudan, sai da ya sa shi ya yi alkawarin ba zai ƙara taɓa shi ba, in kuwa ya taɓa, ya dawo masa da 'yarsa. Dariyar Saleh ta ɗauke, shi ma ya tuna.

Jan farko gogen ya yi ƙara mara daɗi, wani ya tuntsire. Gumi ya karyo wa Abdulghani. Sai wani tsohon Ba'amurke ya matso da jitarsa, ya shimfiɗa masa kiɗa a hankali, yana gyaɗa masa kai. Ya lumshe ido, ya ja. Da Hausa ya yi waƙar, ta mahaifinsa da ya rasu a Sawakin, tashar jirgin ruwan Sudan, yana jiran jirgin hajji, bai bar masa komai ba sai wannan ƙwaryar. Ba wanda ya ji abin da yake faɗa, amma wurin ya yi shiru har ana jin teku. Mastura kam ta ji kowace kalma.

Yana saukowa ya gan su. Ya tsaya cak.

"Habibti, masoyiyata... na kasa gaya miki. Na gwammace ki zarge ni da mace da in sa ki ɓoye wa Baba magana."

Saleh ya ce shi dai ba zai iya yi wa Baba ƙarya ba. Abdulghani ya ce halas, shi ke nan, ba sai an kai ga haka ba. Ya juya ya nufi ruwa da gogen a hannu.

Ta riƙo hannun rigarsa a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba.

"In ka jefa shi, wa zai riƙa kiran sunan mahaifinka?"

Su ukun suka koma mota, suka shigo gari. Saleh ya dube ta ta madubi, ya tambaya ina za a sauke su.

Mastura ba ta saki hannun mijinta ba.

"Gidan Baba, Yaya. In mun shiga ku yi shiru, ni zan fara magana."