Tabon da ke Gefen Hoton

Da magariba Bong-su ya rataye hoton marigayiya mahaifiyarsa a saman teburin tunawa da matattu, yana ta yaba kansa. Gyaran tsofaffin hotuna ne sana'arsa a garinmu na Mokpo, kuma wannan ya sha aiki: ya cike tsaga, ya goge wani tabo mai kama da hayaƙi a gefen kafaɗarta. Da gyaran ya yi masa kyau, sai ya adana shi a kwamfuta a kan na farko, ya ƙone tsohuwar takardar tare da kayan mamaciyar. Gwani ne, amma ba ya jin shawara.

Ba a gama zuba shinkafa ba tsakuwa ta fara sauka a rufin kwano. 'Yarsa Da-eun, mai shekara goma sha shida, ta ajiye cokali, ta juya wa bango fuska. Kwana tara ba ta ci ba ta sha, sai warin ruwan teku da ke tashi daga gashinta.

A rana ta goma aka kawo Ok-ja, tsohuwa mai aiki da iskoki. Ta kaɗa ƙararrawa har hannunta ya gaji, sannan ta tambayi iskar da ke jikin yarinyar.

"Iya, wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

Muryar da ta fito daga bakin Da-eun ta tsufa. "Tambayi ɗan yayata mai wayo. Ni ce Sun-rye, wadda teku ta cinye. Motsi na yi lokacin ɗaukar hoton. Tabon nan kaɗai ya rage mini a duniya."

Ok-ja ta ce, "Zai mayar da ke cikin hoton."

"Da me? Ya ƙone. A sa mini fuskar yarinyar nan, ta ishe ni."

Kowa ya san mugunyar makomar mai rai da aka sa cikin hoton matattu.

Bong-su ya durƙusa, goshinsa a ƙasa. "Inna, ki ɗauki tawa."

Muryar ta ce, "Mummuna ce. Amma kawo."

A gabanmu, mu maƙwabta, ya ɗauki kansa hoto, ya dusashe fuskar, ya ɗora ta a gefen kafaɗar uwarsa inda tabon yake a da. Da-eun ta yi atishawa, ta ce tana jin yunwa.

Na yi kuka ranar bikinta bara. Hoto ɗari uku aka ɗauka, kuma a kowanne, hayaƙi ne tsaye kusa da amarya, a gurbin mahaifinta.