Yaron da Ke Cikin Na'ura

Ku matso, yara. Wannan a gidana aka yi, ba labari aka ba ni ba.

Gwamnati ta fito da wani tsari. Duk wata a kai yara ɗakin awo, a auna nauyinsu, a shigar a na'ura. Da haka ake sanin wanda za a ba abincin gina jiki.

Jikata ce ke kai ƙaninta, Auta. Yaron ya rame, wuya kamar zare. Matan da ke layi suna zunɗe, wai uwarsu ba ta iya raino ba. Abin ya yi wa yarinyar ciwo. Sai ta riƙa cusa masa duwatsu a aljihu kafin a ɗora shi kan ma'auni. Wata uku tana haka, kowane zuwa tana ƙara ɗaya.

Ranar rabon abinci aka kira sunaye. Babu Auta.

Muka tafi ɗakin awon, ni da uwarsu da ita. Ɗakin tsit. Ma'auni na rataye, ba kowa a kai, amma yana lilo. Malamar awo ta juyo mana da fuskar na'urar. Ga sunan Auta, ga wani koren layi yana ta hawa.

"Wannan yaron ƙalau yake," in ji ta. "Har ƙiba yake yi."

Uwarsu ta kwance goyo. Ƙafafun Auta na reto kamar tsumma. Ta ce a hankali, "To wannan da nake goyo, ɗan wa ne?"

Sai na ji kamar akwai wani Auta a akwatin nan, mai kumatu, yana cinye rabon namu yana kallonmu.

Jikata ta kama bakin zanina.

"Kaka, ni na yi shi. Da duwatsu."

"To uwar ɗan dutse, sannu da raino," na ce. "Kin tsare mana kunya, kin bar ƙaninki da yunwa."

Ta fashe da kuka. Na goge mata fuska.

Malamar ta ce masu tsarin can sama ba sa ganin yara, lambobi kawai suke gani. Ita ma ta ga laifin kanta, da ba ta laluba aljihu ba. Ta tuɓe Auta, ta sake awo. Layin ya faɗo, ya koma ja. A ranar muka dawo da abincinsa.

Yanzu Auta ya yi kumatu na gaske, yayarsa ma ba ta iya ɗaga shi.

Ku ji ni da kyau. Kada kunya ta sa ku yi wa mai awo ƙarya. Wanda aka ɓoye ramarsa, ba za a kawo masa abinci ba.