Mai Gyaran Gidan Sauro

Direbobi suna cewa kada a kwana a masaukin da ke tsakanin filin jirgi da gandun namun daji, wai ba mutane ke hidima a can ba. Wata tsohuwar malama ta taɓe baki, ta ce wa direbanta, "Tsaya nan, matsoraci. Sai na gani da idona."

Ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta danna sakata ta kwanta. Barci na fizgarta ta ji wata tattausar murya na cewa, "Inna, bari in cusa miki gidan sauron nan, kada su cije ki."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Sai ta tuna da sakatar. Katifa ta lotsa a bayanta, numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyarta. Daga ciki aka cusa gidan sauron.