Rijiyar da Aka Toshe wa Hanci

Ana daf da kiran magariba injin ruwan ya fara tari. Paijan mai awara ya ɗauki buta ya nufi bayan gida, don ya ɗura masa ruwa ya ci gaba da ja. Wake buhu biyu na jiƙe yana jiran wanki.

Mbah Ngatirah, tsohuwar da shingen gora kaɗai ya raba su, tana zaune a ƙofarta. Gidanta ya nutse har sai ta sunkuya take shiga, ita da ba tsawo gare ta ba.

"Ka ji shi yana shaƙewa ko? Alhaki ne."

"Mbah, ki ji da haƙoranki biyu ki ƙyale min inji."

"Rijiya bakwai ka kashe a layin nan, mara mutunci. Tawa ta koma gishiri. Ƙasa na lotsawa, teku na shigo mana ɗaki duk sabon wata, kai kana ta zuƙa."

"Kowa ya haƙa tasa mana."

"Kuma ka rufe rijiyar uwarka ba ka bar mata hanci ba."

Wannan kam gaskiya ta faɗa. A ƙauyukan gaɓar tsibirin Jawa ba mai rufe tsohuwar rijiya sai ya kafa bututun gora a tsakiya, don mai gidan da ke ƙasa, wato aljanin rijiyar, ya sami iska. Shi kuwa gogan, da ya haƙa burtsatsensa mai zurfin gaba saba'in, sai ya malale tsohuwar da siminti, sumul, ya ɗora inji a kai. Wai shi ya waye. Wayewar banza!

Ya tofar da yawu ya wuce.

Bayan gidan na warin taɓo da tsamin ruwan awara. Kafin ya kai wurin, injin ya mutu da kansa. Kwaɗi suka yi tsit. Har sauro ya daina kuka.

Simintin ya yi sanyi ƙalau a tafin ƙafarsa.

Ya kwance murfin bututun injin, ya tsiyaya ruwa. Ruwan ya wuce, ƙwat, kamar an haɗiye. Sai ya ji numfashi a ciki. Ja ake yi, ja, ja, ba a fitarwa.

"Ƙara."

Muryar a shaƙe take, daga can ƙasa. Paijan ya waiga, ba kowa. Ya juye butar duka.

"Ƙara."

"Ya... ya ƙare," ya faɗa cikin raɗa.

"Akwai a jikinka."

Bakin bututun ya cafke tafin hannunsa. Ya fizga, ina! Yawu ya ƙafe a bakinsa. Idanunsa suka bushe har ƙiftawa na yi masa zafi. Yana kallo fatar hannunsa ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa.

Simintin ya tsage, ƙas.

Ya nutse zuwa idon sawu.

"Shekara huɗu kana shanye min gida. Ka kuma toshe min hanci."

Zuwa gwiwa.

Ya so ya yi a'uziyya, harshe ya zama itace.

"Yau ni zan sha."

Zuwa ƙugu. Wani abu mai sanyi, mai yatsu da yawa, ya naɗe masa ƙauri.

Sai ga ƙarar jan takalmi a bayansa. Mbah Ngatirah ce, da gorar shanyarta a hannu. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta soka gorar a tsagar simintin, ta danna da duk ɗan ƙarfinta.

"Ga hancinka, mai gida. Yi haƙuri da mu."

Iska ta fito ta gorar, fuuu, doguwa, mai warin tsohon kabari. Bututun ya saki. Paijan ya ja jiki ya fito da rarrafe, ya kife yana kakari.

"Ba don kai na yi ba," in ji tsohuwar. "Gidana na jingine da naka."

Injin bai sake jan ko ɗigo ba, sana'ar awara kuma ta mutu. Amma ba wannan ne abin ba. Tun daga ranar, duk ruwan da Paijan ya kai baki gishiri ne, ko na kwalba ne, ko na masallaci. Ruwa ɗaya ke sauka a maƙogwaronsa: ruwan saman da tsohuwar ke tarawa a randa, shi ma sai ita ta ɗiba da hannunta.

Kullum da safe yana tsaye a ƙofarta da kofi, leɓe duk a tsage. Takan bar shi sai rana ta ɗaga.

"Mbah, don Allah."

"Kowa ya haƙa tasa mana."

Sannan ta zuba masa rabin kofi. Shekarunta tamanin da uku, kuma kwanan nan ta fara tari.