Goro na Uku

"Ki mayar masa da goronsa," in ji Saje Namori Kulibali, yana ɗaure takalmin soja a tsakar gida. "Ba zan ba da 'yata ga yaron da ke zagin gwamnati a titunan Bamako ba."

Korotumu ta durƙusa. "Baba, ka karɓi na fari, ka karɓi na biyu. Wannan ne na uku. Dangi na cin sa, magana ta ƙare."

"Shi ya sa babu mai ci."

Yayanta Burama ya buɗe baki zai yi magana, uban ya harare shi.

Da can mai goron, Fajala Keita, jagoran ɗaliban makarantarsu, ɗan gida ne. Zuriyar Keita da ta Kulibali abokan wasa ne, shi ya sa tun daga ƙofa yake kira, "Ina bawana, maci wake?" Saje ya yi ta dariya har da hawaye. Zanga-zanga ce ta kashe wasan.

Korotumu ba ta mayar da goron ba. Guda goma ne, ta naɗe su a ganye ta ɓoye bayan randa, kullum da safe ta yayyafa musu ruwa. Wata biyu tana haka, tana kuka a ɓoye.

Ranar wata Juma'a ɗalibai masu zanga-zanga suka nufi babbar gadar birnin, matan kasuwa na biye. Aka ce wa sojoji su yi harbi. Saje, da bai taɓa ce wa na gaba da shi a'a ba, ya harba cikin taro.

Da la'asar Fajala ya shigo, jini har gwiwa, goye da gawar Burama.

"Baba, ga ɗanka. A gefena yake."

Bai kira shi bawa ba, bai ambaci wake ba. Saje ya zube a ƙasa. Bai san ɗansa na fita zanga-zanga ba, kuma har ya mutu ba zai san harsashin wa ya kashe ɗan ba.

Ranar sadakar uku an ƙone kasuwa, babu goro ko na magani a unguwar. Dangi sun cika tabarmi, ba abin miƙa musu. Sai Korotumu ta fito da ƙunshin ganye ta ajiye gaban ubanta. Goron jawur, kamar jiya aka tsinko.

"Na wa ne?"

"Ka sani, Baba."

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɓare ɗaya, ya tauna, ya miƙa wa ƙannensa sauran.

Washegari gwamnatin ta faɗi. Korotumu ta sami mijinta, haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba. Amma uban da ya toshe kunne ga 'ya'yansa saboda tsoron na sama, a zaman makokin ɗansa ya ci goron auren 'yarsa.