Ɗankwali a Cikin Inji

"Wallahi ba zan hau ba!"

Lantana ta ja ta tsaya a bakin kasuwar Ƙaraye, ƙunshin kaya a ka, ido a kan motar gyaɗar da ke ruri a gindin tsamiya.

"Za ki hau," in ji Gwaggo Baraka, yayar mahaifinta. "Ke kika ce a kai ki Rogo ki huta da ganinsa. To, duk ƙasar nan wace mota ke zuwa Rogo in ba tasa ba? Ko a ƙafa za ki?"

Aƙilu ne direban. Tun kakar bara yake zuwa zance wurin Lantana. Mahaifinta Malam Ilu, malamin hakimi, bai taɓa son maganar ba, ya ce direba ba shi da gari. Ita ta kafe, har aka fara sassautowa.

Sai ga Saude, mai tallar fura a Tudun Kaya, ta zo biki Ƙaraye tana yi wa 'yammata fari da ido.

"Koren ɗankwalina? Ai yana wurin Yaya Aƙilu..."

Kowa ya san budurwa ba ta cire ɗankwali ta ba namiji haka kawai, shi ma ba ya karɓa sai da magana a ƙasa. Da ya zo zance, tambaya ɗaya Lantana ta yi masa.

"Ka karɓa?"

"Na karɓa, amma..."

Ba ta tsaya jin amma ba.

Yanzu ga shi ya buɗe ƙofar gaba yana sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ina kwana? Ku shigo nan, ya fi laushi."

"Lafiya lau, ɗan nan." Gwaggo ta shige abinta.

Lantana ta wuce shi kamar ba ta ga mutum ba, ta haye baya, ta zauna kan buhun gishiri cikin 'yan kasuwa.

A Tudun Kaya motar ta tsaya. Wa za ta hau? Saude, da ƙwaryar fura da sabon jan ɗankwali.

"A'a, Lantana! Ke ce a baya? Na zaci gaba ne wurinki."

Lantana ta juyar da kai.

Sun yi nisa cikin daji, rana ta take, sai warin ƙauri ya fara tashi. Farin tururi ya turnuƙe gaban motar. Aƙilu ya gangara gefe ya kashe inji.

"A sauka, jama'a! A sa dutse a taya!"

Ya ɗaga murfin inji, zafi ya buge shi. Wani tsoho mai sayar da goro, Mijinyawa, ya miƙa hannu zai murɗe marfin lagireto, wato tankin ruwan inji.

"Baba, kar ka taɓa! Ruwan ciki tafasa yake, sai ya saɓule maka fuska. Sai ya huce."

Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, babu yoyo. Ya shafa tiyo, lafiya lau. Sannan ya zura hannu wajen fanka, ya zaro wani abu baƙi ƙirin da mai, duk ya zaizaye ya tsinke.

Ta gefe ɗaya, kore ne.

Lantana ta ji ƙafafunta sun kai ta wurin, ba da shawararta ba.

"Mene ne wannan?"

"Amma ɗin da kika ƙi ji ne," in ji Aƙilu, bai ɗago ba. "Bel ɗin fanka ne ya tsinke min a Tudun Kaya, ina ɗauke da gyaɗa. In fanka ba ta juya ba, inji ya ƙone. Na aika kanti a Kano, sun ce sai jirgi ya kawo. Na ɗaura igiya, ta zame. Saude ta miƙo wannan."

Mijinyawa ya tuntsire da dariya.

"Ashe nan amaryar take zaune! 'Yammata na ta cewa yana ƙarƙashin matashinsa!"

Kowa ya yi dariya ban da Lantana. Ta zaci in ta ji gaskiya za ta ji sanyi. Ba ta ji ba. Wato duk kwanakin nan, ɗankwalin Saude ne ke kai shi yana dawo da shi? Har ranar da ya zo ƙofar gidansu, shi ya kawo shi?

"Duk Tudun Kaya babu tsumma?" in ji ta. "Babu rawanin wani tsoho? Sai na kanta?"

"Lantana..."

"Ka san abin da ake nufi da shi!"

"Na sani. Hadari ya haɗo, gyaɗar mutane a buɗe. Ban yi tunani ba." Ya ɗago jajayen idanunsa. "Na yi kuskure, sanyin idona. Amma inji na ba, ban ba zuciyata ba."

"Kar ka ƙara kirana haka."

Aƙilu ya kwance igiyar buhu ya ɗaura, ya juya fanka da hannu. Ta zame. Ya ƙara ɗaurewa, ta ƙara zamewa. Babu gari kusa, babu wata mota da ke bin hanyar sai tasa.

Sai Saude ta ajiye ƙwaryarta, ta tako a hankali, hannunta a kan ƙullin jan ɗankwalin.

"Yaya Aƙilu, kar ka wahala. Ga wani. Ai mun saba..."

Aƙilu ya dubi ɗankwalin, ya dubi mutanen da ke zube a rana, ya mayar da hannunsa baya.

"Na gode, Saude. Gara mu kwana a nan."

"Mu kwana?" in ji Mijinyawa. "Kai ɗan nan, gorona zai bushe saboda soyayyarka?"

"Ajiye kayanki, Saude."

Lantana ce. Hannunta ya riga ya kai ga nata ɗankwalin, baƙin saƙi mai kauri, wanda kakarta ta saƙa mata.

Gwaggo ta cafke mata hannu.

"Ke! Kina da hankali? Dubi idanun da ke nan. Kin cire wannan kin ba shi, kafin magariba Ƙaraye ta ji. Ubanki ba shi da sauran ta cewa, ke ma ba ki da ita. Ba ke kika ce kin gama da shi ba?"

"Na ce, Gwaggo."

"To?"

"To ba zan zauna ina kallo wata ta kai ni Rogo ba!"

Ta cire. Ta ja gefen mayafi ta rufe kanta, ta sa haƙori ta tsaga saƙin gida uku. Lantana makitsiya ce, duk amaren unguwarsu ita ke musu kitso. Ta danne bakin da babban yatsan ƙafa, ta shiga kitsa shi tamau, tana ja kamar da shi take faɗa.

Aƙilu ya miƙo hannu.

"Matsa. Nuna min inda ake sawa."

Ya nuna mata. Ita ta zagaya shi a kan ƙafafun ƙarfen da ke juya fanka, shi ya ja ya ƙulle, ya yayyafa masa ruwa don ya kama. Hannayensu suka haɗu cikin baƙin mai. Ba wanda ya janye.

Inji ya huce. Aƙilu ya buɗe lagireto da tsumma, ya tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan. Ya zura ƙarfen tayarwa ta gaba ya murɗa. Shiru. Ya sake murɗawa.

Motar ta yi tari, ta kama ruri. Fanka na juyawa, baƙin saƙin na gudu da ita.

Mata suka rangaɗa guɗa. Saude ta ɗauki ƙwaryarta ta haye baya.

Lantana ta tsinci koren tsumman da yatsa biyu, ta wurga shi cikin ƙaya.

Aƙilu ya buɗe ƙofar gaba.

"Sanyin idona...?"

Ta harare shi. Ta shiga.

Gwaggo ta matsa mata tana tsaki. "Ni dai an sa ni yawon banza. Ɗan nan, in ka sauke mutane Rogo, ka juya da mu. Ni zan yi wa Ilu bayani, tun da ni na goya shi."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure.

Bel ya iso daga Kano, sabo fil, Aƙilu ya sa. Amma har ya bar tuƙi, motarsa ba ta taɓa fita Ƙaraye ba sai da kitsattsen saƙi a ƙarƙashin kujera. Lantana ke sawa da hannunta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"In ya tsinke, ga shi nan. In wannan ma ya tsinke fa?"

"In dawo a ƙafa."

"Yauwa. Allah ya kiyaye hanya."